HAIHUWA LAFIYA AIKIN GAYYA CE: Haɗin Kai Tsakanin Malaman Jinya, Mai Juna Biyu da Mutanen Gida

Gabatarwa

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da ke faruwa a gida da cikin unguwa kafin mace ta iso ƙofar asibiti. Muna roƙon duk wadda ta karɓi wannan takarda ta tafi da ita gida a karanta wa maigida da uwar miji, domin rabin maganar tasu ce.

Ciki yakan ɗauki kimanin mako 40, wato kwana 280. Ko da mace ta zo awo sau takwas, kwana takwas ke nan kawai take gaban malamar asibiti. Sauran kwanakin duka tana gida, tsakanin mijinta, da dangi, da maƙwabta. Idan matsala za ta taso, galibi a nan za ta taso, sau da yawa kuma cikin dare. Saboda haka ilimin malamar jinya ba zai yi amfani ba sai ya bi mace zuwa ɗakinta, kuma mutanen gida sun san abin da ya rataya a wuyan kowannensu. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma kusan 75,000 daga cikinsu a Nijeriya ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a yankin Arewa maso Yamma, matan da suka haihu a asibiti ba su kai 2 cikin 10 ba.

Abubuwan da suka fi kashe mata sanannu ne: zubar jini, hawan jini da jijjiga, doguwar naƙuda, shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, da matsalar ɓari. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna ƙara wa waɗannan ƙarfi. Kowannensu yana da magani a asibiti. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne lokaci. Zubar jini mai tsanani bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu.

Jinkiri uku

Tun 1994 masana lafiyar mata suka kasa jinkirin da ke jawo asarar rai gida uku:

1. Jinkirin yanke shawara a gida. Ba a gane alamar haɗari ba, ko an gane amma ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ko an tsaya gwada jiƙe-jiƙe.

2. Jinkirin isa asibiti. Babu mota, babu kuɗin mai, hanya ta lalace da damina, ko an fara zuwa wurin da ba a iya aikin.

3. Jinkirin samun kulawa bayan an iso. Babu jini, babu magani, ko ma'aikata sun yi kaɗan.

Na ɗaya da na biyu suna hannun iyali da al'umma. Na uku yana wuyanmu mu ma'aikatan lafiya, kodayake shi ma iyali na da rawar takawa, kamar yadda za mu gani a batun jini.

Wace ce malamar jinya ta cikin al'umma?

Ita ce nas ko ungozomar asibiti da ke aiki a ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, tare da jami'an lafiya na matakin farko. Ba ta tsaya ga jiran marasa lafiya a kan benci ba. Takan shiga gidaje, ta yi wa mata bayani a wurin suna ko makarantar Islamiyya, ta zauna da mai unguwa da kwamitin raya mazaɓa, ta kuma san wace mace ce ke da ciki mai haɗari a yankinta.

Wannan tsari yana da tarihi. A taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa jama'a na da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga cikin tsara kiwon lafiyarsu. A Nijeriya an fara shirin tura ungozomomi ƙananan asibitocin karkara a 2009. A 2018 kuma aka ƙaddamar da shirin CHIPS, inda ake zaɓo mutane daga cikin unguwa, yawancinsu mata, a koya musu bin gida-gida suna ƙarfafa zuwa awo da rigakafi.

Malamar jinya ta san jiki da magani. Ke kuma kin san abin da kike ji a jikinki, mutanen gida sun san hanya da aljihu da wanda ake jin maganarsa. Sai an haɗa waɗannan sani biyu ake samun shiri mai aiki. Ga rabon aikin.

Aikin mai juna biyu

'Yar'uwa, ki fara awo da zarar kin tabbatar da ciki, kafin ya wuce wata uku. Kunyar cikin fari da ɓoye ƙaramin ciki al'ada ce, amma malamar asibiti mai riƙe sirri ce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas: na farko kafin mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40.

A wurin awo ki tabbata an yi miki waɗannan:

- An auna hawan jininki kowane zuwa. Idan ya kai 140/90 ko ya wuce, ana bukatar ƙarin kulawa.
- An gwada jini da fitsari, an kuma gaya miki rukunin jininki.
- An ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, ki riƙa sha kullum. Suna iya sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba illa ba ce.
- An ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani.
- An yi miki allurar rigakafin sarƙewar haƙora.
- An yi miki hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24.

Ki faɗi gaskiyar tarihinki. Idan an taɓa yi miki tiyata, ko kin taɓa zubar da jini, ko jijjiga, ko haihuwar ɗa ba rai, ko kin haihu fiye da sau biyar, ki faɗa tun ranar farko. Irin wannan bayani ne ke nuna ko ƙaramin asibiti ya ishe ki, ko sai babban asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini.

Ki ajiye katin awonki wurin da kowa a gidan ya sani. Ki kuma riƙa tara ɗan abin da ya samu, ko ta asusu ko ta adashi, ya zama kuɗin yana inda hannunki zai kai ko maigida ba ya nan.

Aikin maigida

Malam, babban abin da muke roƙonka ba ya cin ko kwabo. Shi ne izini tun da wuri. Ka tara matarka da mahaifiyarka da wanda ke riƙe gida in ba ka nan, ka faɗa a gabansu cewa duk lokacin da naƙuda ta tashi ko aka ga alamar haɗari, a tafi asibiti ba sai an jira ka ba. Dalilin faɗa a gaban shaidu shi ne kada ranar ta zo wani ya ce bai ji ba. Waya na iya mutuwa, layi na iya ƙin shiga, kai kuma kana kasuwar wani gari ko ka tafi cirani.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shirin PRRINN-MNCH, wanda daga 2008 ya yi aikin lafiyar mata da yara a jihohin Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, ya sa izinin dindindin cikin manyan abubuwan da ake koya wa al'umma, tare da asusun gaggawa na gari, da ƙungiyar masu ba da jini, da direbobin sa kai.

Bayan izini, sai waɗannan:

- Ka raka ta awo ko sau ɗaya ne, ka ji bayani da kunnenka.
- Ka ware kuɗin mota da magani kafin ciki ya shiga wata takwas.
- Ka nemi mutum biyu lafiyayyu daga dangi ko abokai waɗanda suka yarda su ba da jini in an bukata. Babba mai lafiya da ya ba da leda ɗaya ba ya nakasa, jikinsa zai mayar da abin da aka ɗiba.
- Ka sauƙaƙa mata daka da ɗaukar ruwa da itace, ka kuma kula da cimarta: wake, zogale, alayyafo, gyaɗa, ƙwai, kifi, hanta da nono, gwargwadon hali.

Aikin uwar miji da dattawan mata

Iyayenmu mata, mun san maganarku ce ke da nauyi a ɗakin naƙuda. Kun haihu, kun karɓi haihuwa, kuma ku ne ke kusa idan abu ya taso. Don haka muke so ku zama na farko da za su ce a tashi a tafi.

Dauriya abin yabo ce, amma akwai inda take zama haɗari. Yarinya mai cikin fari takan danne ciwo don kunyar surukai. Ku tambaye ta, ku duba ta, kada ku jira sai ta yi magana. Idan naƙuda ta wuce sa'o'i 12, wato daga asuba har magariba ko daga magariba har asuba, ba a haihu ba, a tafi asibiti. Kan jariri da ya daɗe yana danne mafitsara shi ke jawo yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, domin abin da ya tare jaririn ƙashi ne. Illa dai ya jawo zubar jini da yoyon fitsari. Haka nan danna ciki da ba da jiƙon da ke ƙara zafin naƙuda na iya fasa mahaifa.

Aikin unguwarzoma

Unguwarzomar gargajiya abokiyar aikinmu ce. Ta san kowane gida, mata sun yarda da ita, takan san da ciki tun kafin kowa ya sani. Sai dai babu yadda za ta yi da jijjiga, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ko jaririn da ya kwanta a gicciye, domin waɗannan suna bukatar allura, ƙarin jini ko tiyata. Inda aka samu fahimtar juna, unguwarzoma ce ke tura mata awo, ita ke rako mai naƙuda asibiti, ta zauna kusa da ita, bayan an sallame su kuma ta ci gaba da leƙa maijego. Unguwarzomar da ta kawo mace da wuri ta cancanci godiya daga ma'aikata, ko da an zo an tarar babu wata matsala.

Aikin shugabanni da direbobi

Mai unguwa, dagaci da liman suna iya yin abin da nas ba za ta iya ba. Idan liman ya yi maganar izini tun da wuri bayan salla, ya isar da saƙo ga mazajen da ba su taɓa taka wurin awo ba. Mai unguwa na iya kafa asusun gaggawa da kowane gida zai riƙa zuba wani abu, a ranta wa wanda bukata ta kama cikin dare, ya biya daga baya.

A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW ta shiga wannan aiki. Akan koya wa direbobin sa kai alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mai naƙuda, su kai ta asibiti a kan kuɗin mai, a tasha kuma a saka musu da ba su lodi kafin layinsu ya zo. Ku tambaya ko akwai irin wannan a garinku. In babu, ku yi magana da masu mota ko Keke Napep biyu tun yanzu, ku rubuta lambobinsu a bayan katin awo.

Alamomin haɗari

Kowa a gidan ya haddace su. Idan aka ga ɗaya, a tafi asibiti nan take, dare ko rana:

1. Zubar jini ko yaya yake lokacin ciki.
2. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa.
3. Jijjiga ko suma.
4. Zazzaɓi mai zafi.
5. Ciwon ciki mai tsanani.
6. Fashewar faya ba tare da naƙuda ta tashi ba, ko ruwa mai wari.
7. Jariri ya rage motsi ko ya daina.
8. Naƙuda fiye da sa'o'i 12.
9. Hannu, ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa.
10. Mabiyiya ba ta fito ba bayan minti 30 da haihuwa.
11. Jini ya jiƙa ƙunzugu biyu ko uku cikin minti 20 zuwa 30 bayan haihuwa.
12. Haki ko wahalar numfashi.

Idan mace na jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, domin tana iya shaƙewa. A yi mata addu'a ana kan hanya.

Misali: dare ɗaya, gida biyu

Mu ƙaddara mata biyu ne a ƙauye ɗaya, kowacce ta haihu a gida da ƙarfe ɗaya na dare saboda naƙuda ta zo da sauri, kuma jini ya ɓalle wa kowacce. Mazajensu duka suna tafiya.

A gida na farko an tsaya ana cewa jinin biƙi ne, zai tsaya. Da aka ga ta fara jiri sai aka shiga neman maigida a waya. Bayan an same shi aka fita neman mota, bayan an sami mota aka koma neman rance. Da aka isa asibiti aka ce a kawo masu ba da jini, sai aka sake aikawa gida. Kowane mataki ya ci rabin sa'a ko fiye.

A gida na biyu uwar miji ta ga ƙunzugu na biyu ya jiƙe, ta tuna abin da aka karanta mata. Izini yana nan tun watan jiya. Lambar direba na bayan kati, kuɗi na cikin asusu. Unguwarzoma ta sa jariri a nono, tana murza marar maijego a cikin mota, ƙanin maigida da abokinsa suna biye a babur don ba da jini.

Mutanen gida na farko ba su fi na biyu talauci ba, ba su kuma fi su rashin ƙauna ba. Shawarwarin da na biyu suka yanke da rana tsaka, hankali kwance, su ne na farko suka tsaya yankewa cikin dare jini na zuba.

Bayan haihuwa

Aikin gayya bai ƙare da kukan jariri ba. Kwanakin farko na jego suna da haɗari ga uwa da ɗa.

- Wadda ta haihu a asibiti ta zauna aƙalla sa'o'i 24. Wadda haihuwa ta zo mata a gida a kai ta a duba ta cikin sa'o'i 24.
- A sake dubawa a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma bayan mako shida. Kada a ce sai an yi arba'in.
- A sa jariri a nono cikin sa'a ta farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse a zubar. Nono zalla har wata shida, ba ruwa.
- A jinkirta wankan jariri sai bayan sa'o'i 24, a rungume shi a ƙirji, fata da fata.
- A shafa wa cibiya maganin da asibiti ta bayar kawai. Ban da man goge baki, toka, ko gashi da tsumma.
- A karɓi rigakafin haihuwa: na tarin fuka, na shan inna da na ciwon hanta.
- Kada a cire wa jariri beli.
- Ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba. A rage kanwa a kunu, musamman ga mai hawan jini. Maijegon da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a kawo ta a duba zuciyarta.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ba za mu nemi jama'a su yi nasu mu bar namu ba. Mun san akwai matan da suka daina zuwa asibiti saboda tsawa ko wulaƙancin da suka taɓa gani. Haƙƙinki ne a yi miki magana cikin mutunci, a rufa miki asiri, a suturta jikinki, a yi miki bayani da harshen da kike ji, a kuma nemi yardarki kafin a yi miki wani aiki. Kina da damar tambaya: Nawa ne awon jinina yau? Wannan magani na mene ne? Yaushe zan dawo? A ina ya kamata in haihu? Idan ba ki gane ba, ki ce a maimaita. Idan an saɓa miki, ki kai kuka ga shugabar sashe.

Aikin asibiti ma yana inganta. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jinin da mace ta zubar da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da ɓata lokaci ba, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. Amma wannan dabara ba ta amfanar kowa sai wadda ta iso.

Tambayoyin bita

Ku zauna da mutanen gida ku amsa waɗannan kafin ciki ya shiga wata takwas. A rubuta amsoshin, a zo da su awo na gaba mu duba tare.

1. A wane asibiti za a haihu, kuma yana aiki da dare?
2. Idan an ce a wuce gaba, wane babban asibiti ne ya fi kusa?
3. Maigida ya ba da izini? A gaban wa?
4. Wane direba za a kira, kuma wa zai maye gurbinsa in ba a same shi ba?
5. Nawa aka tara, kuma a hannun wa yake?
6. Su wa za su ba da jini?
7. Wa za ta raka mai naƙuda, wa zai zauna da yara?
8. Mutum nawa ne a gidan za su iya lissafa alamomin haɗari?

Duk tambayar da ba ta da amsa, ita ce aikinku na wannan mako. Idan abin ya gagara, ku faɗa wa malamar awo, domin ta san mai unguwa, ta san kwamitin lafiya, kuma sau da yawa ta san gidan da ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a haifa.